Gogan Naku da JAMB a Makon Kamun Kifi

A 2020 abubuwa biyu suka yi karo a jihar Kebbi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934, ya dawo bayan kusan shekara goma ba a yi ba, aka tsayar da shi daga 11 zuwa 14 ga Maris. Ita kuma JAMB ta buɗe jarrabawar shiga jami'a ranar 14 ga watan, daidai ranar da masunta za su faɗa kogin Matan Fada da homa da gora. A tsakanin biyun nan aka matse ɗan yayata, wanda zan riƙa kira gogan naku, don uwarsa tana karanta mujalla.

Yana wata kwaleji a Birnin Kebbi, sai ya wayi gari da sabon buri: digiri a harkar kasuwanci. Ya ga Labana na casar shinkafa a Birnin Kebbi, ya ga takwaransa WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ya kuma ga irin motocin da manajoji ke shiga. "Kawu," in ji shi, "ni ohis nika so, mai esi." Na biya naira 3,500 kuɗin fom, da na rajista, na haɗa masa da ƙaton littafin tambayoyin baya na Turanci da lissafi da tattalin arziki da gwamnati.

A yi masa adalci, ya shirya wa shirin. Ya samo kwali ya zana jadawali da maka kala uku, ya sayi fitila mai caji, ya sanar da duk unguwa kada a dame shi. Jadawalin ya ce lissafi bayan asuba, barci ya ce bai san da wannan zance ba. La'asar ta tattalin arziki ce, ita ce kuma lokacin shayin majalisa. Da dare yana gidan kallon ƙwallo, wai Turanci yake ɗauka a bakin mai sharhi. Sweet Sixteen na Bolaji Abdullahi, littafin da aka wajabta wa 'yan jarrabawar shekarar, bangonsa kawai ya sani, sauran labarin ya sa ƙanwar abokinsa ta ba shi a taƙaice.

Abin haushin, yaron ba daƙiƙi ba ne. Ka ce masa buhun shinkafa shanshera kaza a farashi kaza, cire kuɗin mota da na 'yan dako, kafin ka rufe baki ya faɗa maka riba. Amma da zarar an sa x a cikin lissafin sai ya ce an shigo da aljanu.

Da makon biki ya zo, ya rataya jaka. "Kawu, kasuwanci ai a aikace aka koyonai." Ya rantse da littafin zai tafi, kuma bai yi ƙarya ba. A Argungu ya haɗa jari da wata mai suyar kifi, ita tana soyawa, shi yana kiran ciniki. Jama'a ta yi yawa, tsofaffin jaridun naɗi suka ƙare tun rana tsaka. Gogan naku ya dubi layin masu saye, ya dubi jaka. Da gwamnati ya fara, don a ƙarshen littafin take. Tattalin arziki ya bi baya. Ranar Asabar da aka auna kifin da ya zo na ɗaya, mai kilo 78, lissafi ne ke tafiya shafi-shafi da yaji a kai. Ya ce wai kowane shafi sai da ya leƙa kafin ya naɗe.

Tasa jarrabawar ta faɗo farkon mako. Tun a ƙofa aka fara dabi, domin sai an dangwala yatsa ake shiga, shi kuwa mai ya ƙone masa babban yatsa, na'ura ta yi ta ƙin gane shi kafin ta haƙura. Ba waya, ba agogo. Tambaya 180 cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane fanni, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Da yake ba a rage maki don kuskure, ya yanke shawarar riƙe C hannu bibbiyu.

Tambaya ɗaya ce ta faranta masa rai, kan yadda farashi ke tashi idan kaya sun yi ƙaranci. Ya gane ta sarai, a cikinta ya naɗe wa wani bawan Allah kan kifi. Sai dai amsoshin a wani shafi daban suke, shi kuma wannan shafin wata mata ce ta tafi da shi.

Da ya aika saƙon neman sakamako zuwa 55019, makin da ya dawo bai ko hango 160 da aka yanka wa jami'o'i a shekarar ba. Ko a jikinsa. Kafin watan ya ƙare korona ta rufe makarantu, ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU kuma ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. "Ka gani ko, Kawu? Da na ci ma, ina za ni?"

Yanzu dillancin shanshera yake yi a fadamar Argungu, ya sayi babur, har yana da yaro mai riƙe masa buhu. Kuɗin fom da na littafi dai har yau bai biya ni ba.