Bayani a Kan Ilimin Jan Amo da Yawan Mace-mace a Faifan Lankum

Ka sani, ya kai ɗalibi, waƙar gargajiya ta mutanen Ayilan tana da ƙa'idojinta, kuma babu inda suka cika kamar a faifan False Lankum, wanda ƙungiyar Lankum ta birnin Dublin ta fitar a watan Maris na 2023 ta hannun kamfanin Rough Trade. Su huɗu ne: Ian Lynch da ɗan'uwansa Daragh, da Cormac MacDiarmada, da Radie Peat. Sunan ƙungiyar ma daga wata tsohuwar waƙa aka ɗauko shi, wadda John Reilly ya rera, labarin wani mugu da ya shiga gidan mai sarauta ya kashe jariri da uwarsa. Mai hankali tun daga nan ya san ba faifan biki ba ne.

Tushen wannan fanni shi ne jan amo, wato a kama amo guda mai kauri a riƙe shi gam, ba a saki. Babban kayan aikinsa sarewar jaka ce ta Ayilan, wadda ba a busa ta da baki. Mai ita yana zaune, ya ɗaura zugazugi a gwiwar hannu ɗaya yana ta zuga kamar yaron maƙeri, ɗaya gwiwar tana matse jakar fata, yatsu na kan ramuka. Hikimar a bayyane take. Mai busa da baki yakan tsaya ya ja numfashi, a nan mai sauraro yake samun sararin tashi. Gwiwar hannu kuwa ba ta numfashi. Sai Radie Peat ta ƙaro harmoniyam da kwansatina, su ma duk iska suke ci, don a toshe sauran ƙofofi.

Masana sun yi saɓani kan lokacin da za a ce waƙar Lankum ta fara. Wasu sun ce da zarar amo ya tashi, wasu sun ce sai murya ta shigo. Ra'ayi mafi ƙarfi shi ne sai an yi rasuwar farko, kuma ba a cika jira da yawa ba. Waƙar da ta buɗe faifan, Go Dig My Grave, ta haura minti 8, labarin budurwa ce da saurayi ya yaudara, ubanta ya dawo gida ya tarar da gawarta. A The New York Trader, guguwa ce ta taso wa jirgin ruwa, ma'aikata suka gano kyaftin ɗinsu mai kisan kai ne, suka jefa shi teku, iska ta lafa nan take. Har yanzu masu hasashen yanayi ba su gwada wannan hanya ba. A Lord Abore and Mary Flynn kuma, uwa ce ta ba ɗanta guba don ba ta son yarinyar da yake so. Abin da ake fitarwa daga nan: duk wanda aka ambata a baitin farko, kada ka shaƙu da shi.

Akwai togaciya. Master Crowley's kiɗan rawa ne, babu gawa ko ɗaya a cikinsa, sai dai dalilin shi ne ba a rera komai a ciki.

John Murphy ne ya jagoranci ɗaukar faifan. Da rana suna situdiyo, da dare su kwana a wata hasumiyar tsaro a bakin teku, irin waɗanda aka gina don tsoron harin Napoleon, wanda bai taɓa zuwa ba.

Jaridar Guardian ta zaɓe shi faifan da ya fi kowane a 2023, ya ci kyautar Choice a gida, ya kuma shiga jerin ƙarshe na kyautar Mercury, wadda Ezra Collective suka ɗauke. Mai niyyar saurare ya ci abinci tukuna, ya cika cajin waya, ya sallami baƙi. Waƙa 12 ce, kusan minti 70.