Yadda Za Ka Rataya Agogo a Lungun Baƙin Allo

Duk wanda ya saba aiki a baƙin allon Linux, inda babu hoto babu ado sai rubutu zalla, ya san yadda lokaci ke sulalewa. Ka zauna da hantsi, kafin ka ɗago kai ladan ya kira la'asar. Maganin wannan shi ne ɗan agogo a lungun dama na sama, kuma da hannunka za ka ƙera shi, ɗan'uwa.

Fara da mai sauƙi. Rubuta watch -n 1 date, ka danna. Agogo zai fito yana tafiya abinsa, amma zai mamaye allon kaf, ya hana ka saka ko harafi ɗaya. Kalle shi na ɗan lokaci ka more, sannan ka danna Ctrl da C ka sallame shi, domin mu mai ladabi muke nema.

Ladabin kuwa irin na aron tabarya ne: ka ɗauka, ka yi dakanka, ka mayar inda ka same ta kafin matar gida ta waiwayo. Tabaryar a nan ita ce manuni, ɗan ɗigon nan mai ƙyaftawa da ke nuna inda harafi na gaba zai sauka. Ka ce tput sc, allo ya riƙe inda manuni yake. Ka ce tput cup 0 71, manuni ya ruga lungun sama. Ka ce date +%T, awa da minti da sakan su zauna. Ka ce tput rc, manuni ya dawo mazauninsa kamar bai je ko'ina ba. Sai sleep 1, a huta sakan guda, a sake zagayowa. Ka kula, tput daga sifiri yake soma ƙirga, layin farko a wurinsa shi ne 0. Wanda ya manta wannan zai tarar da agogonsa ya sauko ya zauna a kan rubutun mutane.

Yanzu shaiɗan zai raya maka cewa ka riƙa share allon duka kowane sakan, ai ya fi sauƙi. Ka yi a'uziyya. Wannan harka tana da magabata, kuma sun sha wuyar da ya kamata mu girmama. A 1978 kamfanin DEC na Amurka ya fito da na'urar VT100, allo mai layi 24, kowane layi harafi 80, wato gurbi 1,920. Idan waya na ɗaukar bit 9,600 a sakan, harafi kusan 960 ke wucewa, kenan cika allon sai an yi sakan biyu. Kafin ka gama zana lokaci, lokacin ya wuce! Shi ya sa magabatan suke taɓa gurbi takwas kacal su bar sauran. Alamomin da VT100 ke ji, ESC 7 na ajiye manuni da ESC 8 na mayar da shi, har yau allunan zamani suna jin su, kuma ina ganin wannan abin ƙauna ne ƙwarai. Na'urarka ta yau tana da sauri, gaskiya ne, amma share-share zai sa allon ya yi ta walƙiya har idonka ya yi ja.

Kada kuma ka ce kai za ka ƙirga sakan da kanka, ɗaya bisa ɗaya. Barcin sakan guda, da ɗan lokacin da aikin ke ci, suna taruwa, zuwa dare agogonka ya koma baya. Kwamfuta tana riƙe da lissafin sakan tun daga 1 ga Janairu, 1970. Kowane zagaye ka tambaye ta. Ko da haka, wani lokaci za ka ga ya yi tsalle daga 07 zuwa 09. Ba aljani ba ne. Rage barcin zuwa sleep 0.2, ka riƙa rubutawa sai lambar ta canza.

In a kan sabar ta nesa kake aiki, duba da kyau, yawancinsu lokacin UTC suke bi, mu kuma a Kano da Maraɗi muna gaba da awa ɗaya. Saka TZ=Africa/Lagos ko TZ=Africa/Niamey a gaban date, musamman da azumi, kada ka ci sahur rana na leƙowa. 'Yan'uwa na zangon Kumasi su kam sun huta, lokacinsu daidai yake da na sabar.

Saura a tura agogon ya yi aiki a bayan fage: ƙara alamar & a ƙarshen umarnin. Sai dai ma'ajin manuni guda ɗaya ne tak, idan wata manhaja ta so yin ajiya a lokaci guda da agogonka, haruffa za su watse ko'ina. Don haka kafin ka buɗe vim, rubuta kill %1 ka ba agogo hutu. In ka fi son wanda ba ya rigima da kowa, buɗe tmux, yana zuwa da nasa agogon a layin ƙasa, amma ka fara ƙera naka tukuna, ko sau ɗaya ne.