Tsegumi: Auren Kongo Da Ya Ƙi Karɓar Saki

Jama'a, ku matso kusa, zancen yau ba na ɗaga murya ba ne. Daga bakin Kongo har Gyallesu, mata sun ƙi sakin maganar wata amarya da ta koma gaban iyayenta ko shekara ba ta rufa ba, ga kuma juna biyu. Wasu sun ce miji ne ya kore ta, wasu sun ce uwar miji ce ta hana ta sakat. Duk shaci-faɗi ne. Wadda ta tsegunta mini tana bayan labule aka yi komai, sai dai ba a bakina kuka ji ba.

Wai wata goggo ce da ta daɗe a Makka ta dawo, ta fito daga cikin birni ta Ƙofar Doka don ta ga ɗakin amarya. Tana jin sunan uwar ango sai ta dafe ƙirji ta hau salati. Ashe a gida ɗaya iyayen yaran nan suka yi haya a da, kuma ita goggon ta ba su nono su duka biyun lokacin da take goyo. Abin haushin, akwai tsohuwar da aka yi a gabanta, kuma zancen ya daɗe yana yawo a tsakar gida tun kafin a sa rana. Da akwatunan lefe suka shigo, kowa ya haɗiye abin da ya sani.

Uban yarinya ya kira ango gefe ya ce, "Rubuta mata saki ɗaya mu rufa wa juna asiri, a ce ba ku daidaita ba." Ango ya amsa da sauri, don a ransa in ƙura ta lafa zai yi kome. Kawunsa kuwa ya kafe sai an mayar musu da sadaki. Da gardama ta yi tsami aka aika wa wani malami da ya yi karatunsa nan Kongo, inda Jami'ar Ahmadu Bello take da tsangayar lauyoyi da cibiyar nazarin shari'ar Musulunci. Malam ya gama saurare ya ce a mayar da biro aljihu.

"Allah ya gafarta malam, to ya za a yi a rabu ba takarda?" in ji uban.

Malam ya ce saki na auren da ya ƙullu ne. Miji ne ke da shi, igiya uku ce a hannunsa. In ya tsinka ɗaya ko biyu yana iya mayar da matarsa kafin idda ta cika, in ya tsinka ta uku sai ta auri wani. Auren 'yan uwan shayarwa kuwa tun ranar da aka shafa fatiha bai ƙullu ba. Warware shi ake yi, abin da malamai ke kira fasakhi, kuma ba a neman yardar miji ko ta mata. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke bi cikin Risala da Mukhtasar da Tuhfa, nonon da ya isa cikin jariri a shekara biyun farko ya haramta aure ko da sau ɗaya ne. Bakin mace ɗaya ba ya tilasta rabuwa, sai dai a so a nisanta. Amma mata biyu, in zancen ya bazu kafin ɗaurin aure, magana ta ƙare. Ya tuna musu da sahabi Uƙba ɗan Haris, wanda wata mace ta ce ta shayar da shi da matarsa, ya je har Madina neman fatawa, ƙarshe ya rabu da matar tasa.

Nan fa ido ya raina fata. Ango ya ji babu kome, babu sabon ɗauri, har abada, domin ƙanwarsa ce. Kawu ya ji sadaki ya zama na yarinya tunda an tare. Da kafin tarewa aka gano, ko sisi ba ta da shi, alhali wadda aka saka kafin tarewa tana da rabin sadakin da aka ambata. Yarinya za ta jira har ta haihu kafin ta yi wani aure. Ɗan da ke cikinta na ubansa ne, zai ci sunansa ya ci gadonsa, tunda su biyun ba su sani ba. Amma da ɗayansu ya mutu kafin a warware, babu gadon aure tsakaninsu. Sakakkiya saki ɗaya kuwa, in miji ya mutu tana cikin idda, ta ci gado ta yi takaba.

Kada wani ya ɗauka duk warwarewa iri ɗaya ce. Auren da malamai suka haɗu a kan ɓacinsa, kamar na shayarwa ko na mace ta biyar, ba ya cin igiya. Wanda suka yi saɓani a kai, kamar auren musaya ba sadaki ko wanda aka ɗaura ba waliyyi, in alƙali ya warware shi ana lissafa shi saki ɗaya. Zawarawan da ake yi wa gaggawa kuwa ku buɗe kunne: wanda ya auri mace cikin idda har ya tare da ita, a Malikiyya an raba su ke nan har abada, bisa hukuncin Sayyidina Umar da ke cikin Muwaɗɗa. Akwai wani Alhaji wajen Tudun Wada da aka ce har ya fara aiken goro alhali mai ɗakin wani ba ta gama ƙirga tsarkinta uku ba. Alhaji, a yi haƙuri a jira.

Wannan ruɗanin har manya ya taɓa ci. Kun tuna Bello Masaba na Bida, mai mata 86, da aka ba wa'adi a 2008 ya zaɓi huɗu ya saki sauran? Ko'ina saki ake ta ambata, alhali duk wadda aka ɗaura a kan mata huɗu ba ta da igiyar da za a tsinka. Masu auren rajista ma dokarsu ta 1970 ta bambanta abin: akwai kashe auren da ya lalace har ba ya gyaruwa, akwai shelar cewa tun asali babu auren, kamar in ɗayansu yana da wani aure a kansa. A Ingila, Sarki Henry na takwas warwarewa ya nema daga matarsa Catherine, bisa hujjar ta taɓa auren wansa. Da Fafaroma ya ƙi, aka warware masa a gida a 1533, a 1534 kuma ya zama shugaban cocin ƙasarsa.

Yanzu dai rigima ta koma kan lefe da kayan ɗaki, kuma an ce iyayen biyu sun daina gaisawa a masallaci. Ni laifin ba na yaran nake gani ba, na waɗanda suka sani suka yi shiru ne don kada akwati ya koma. Yau kafin aure kowa na rige-rigen zuwa asibiti gwajin jini, kuma hakan daidai ne. To a ƙara da zama gaban tsofaffin gida a tambaye su wa ya sha nonon wa, kuma yaushe iddar wance ta cika, tun kafin a raba goro. Mako mai zuwa za mu leƙa Samaru, inda aka ce wata takardar saki ta ɓata a aljihun ɗan aike.