Ni da Tarwada: Baki Ya Iya, Hannu Ya Ƙi

In ana hirar kifi a majalisarmu, ba a rufe ta sai na sa baki. Na san karfasa ta fi daɗi in an tsattsaga mata jiki, an cusa yaji, an soya ta ƙayau. Na san giwan ruwa tsoka ce zalla, ƙayarta ba ta wahalar da yaro. Tarwada da ragon ruwa kuwa farfesu ne gidansu, da attaruhu da citta da ɗan daddawa, kuma ba a juya su da ludayi, tukunyar ake girgizawa don kada naman ya dagargaje. In aka bar ni, har Argungu nake kai mutane da baki: yadda aka fara bikin kamun kifi a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara, yadda dubban masunta ke faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora, yadda UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya a 2016. Wani abokinmu har Sarkin Ruwa yake kirana.

To, Sarkin Ruwan nan tsoron kifi mai rai yake ji.

Ba ƙyama ba ce, ba tausayi ba ne. Tsoro ne tsagwaronsa, irin wanda ke sa gwiwa ta yi sanyi. Ni da nake kayar da ragon layya in yanka ba tare da hannuna ya yi rawa ba, da zarar tarwada ta kaɗa jela a cikin roba sai in tuna ban yi alwala ba. Da na ji malamai sun ce kifi ba ya buƙatar yanka, na riƙe fatawar nan da hannu biyu, domin ta sauke wa maigida nauyin da bai taɓa iya ɗauka ba. Na so in ɗora laifin a kan minjirya, kifin nan mai jan mutum kamar wutar lantarki, in ce ta taɓa kama ni ina yaro. Ƙarya ne. Labarinta kawai na ji.

Da ma karfasa ce, da sauƙi, kafin a iso gida ta riga mu gidan gaskiya. Tarwada fa ba ta san wannan ba. Allah ya yi mata wata halitta a cikin kai da take shaƙar iska da ita, shi ya sa take daɗewa a tudu muddin jikinta da danshi. Ka saya a bakin dam ɗin Tiga daga hannun masunta suna fitowa daga kwale-kwale, ka jefa a but ɗin mota, ka yi tafiyar sama da awa guda zuwa Kano, ka buɗe ka tarar tana motsa gashin baki tana jiranka.

Shekara da shekaru uwargida ce ke rufa min asiri. Ni ke saye, ni ke ciniki da murya sama-sama, ita ke aiki. Ranar da asirin ya tonu ta tafi gidan suna, ga baƙi ana jira da daddare, ga tarwada manya a roba. Na ce yau dai sai ni. Na zuba gishiri kamar yadda na ga tana yi, na rufe da faranti. Abin da ban lura da shi ba, ita dutse take ɗorawa a kai. Gishiri na taɓa su, faranti ya yi sama, babbar ta faɗo tsakar gida, ta kafa ƙayoyin gefenta a siminti, ta fara jan ciki. Kuma duk faɗin gidan nan, ni ta nufa.

Ban san lokacin da na hau turmi ba.

'Yar autarmu, wadda ko firamare ba ta gama ba, ita ta fito daga ɗaki. Ta dube ni, ta dubi kifin, ta ɗauki taɓarya ta ƙwala masa a ka. Ta kwara ruwan zafi, yauƙin nan ya yi fari, ta murje da toka, ta ɗauraye da lemon tsami don ƙarni. Da ta farke ciki, a hankali ta zare matsarmama, tana cewa in ta fashe miya ta yi ɗaci. Duk wannan ina sama ina ba da umarni.

"Baba, sauko mana, ai ta mutu."

"Na sani, ina duba kwanon rufi ne, kamar yana yoyo."

Na ba ta kuɗin alewa a kan maganar ta tsaya tsakaninmu. Ta karɓa, ta gode, kafin sallar isha'i uwarta da ƙannen uwarta duk sun ji. Baƙi kuwa suka sha farfesu suna sa min albarka, ni kuma ina cewa ai sirrin yana wajen wanki.

Har yau ban warke ba, kuma na daina neman magani. Duk wanda zai gayyace ni cin ɗanyen kifi, don Allah ya kashe shi kafin in iso. Lemon tsami da yaji da bayani, wannan ni zan kawo.