Mai Bidiyo Ya Iso, Kowa Ya Gyara Zama

Mu mutanen Illela akwai abubuwa da yawa da muke yafewa a biki. Shinkafa ta caɓe, a yafe. Makaɗi ya makara, a yafe. Ko ango ne ya iso bayan an shafa fatiha, ai waliyyai sun riga sun gama aikinsu, ba mai riƙe shi a zuci. Amma a ce an yi taro an watse babu mai bidiyo, ko an ɗauko wanda bai san aikinsa ba, to wannan magana sai ta shekara ana juya ta a tsakar gida. In ka tambaye mu dalili, bakinmu ɗaya, mu ce don amarya da ango ne, su samu abin tunawa. Alhali amarya tana cikin lulluɓi tana kuka tun la'asar, ango kuwa abokai sun ɓoye shi sai dare. Mu ne a cikin bidiyon nan, mu 'yan biki, da ankonmu da goronmu da hannun da muke ɗagawa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, don haka kada kowa ya nuna wani da yatsa.

Garin namu ƙafa ɗaya a Najeriya yake, ɗaya a Nijar. Da wuya ka sami gidan da ba shi da gwaggo ko kawu ko suruki a Birnin Konni. Ranar Lahadi su ne cike da kasuwarmu, ranar Laraba mu ne cike da tasu. Saboda haka da an sa ranar aure, gida yakan rabu uku a kan wanda za a ɗauko.

Akwai masu cewa a kira yaron unguwa, wanda shagonsa ke bakin hanya, yana cajin waya yana tura wa mutane fina-finai. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Ya san kowa. Ya san wacece uwar biki da wacece ta zo cin tuwo. Ya san kishiyoyin da ba a haɗa su a hoto ɗaya, ya san dattijuwar da in ba a fara da ita ba za a ji a jika, kuma tun yana yawo ba wando yake shiga gidan, don haka ba mai ce masa ya tsaya a zaure. Aibinsa ɗaya zuwa biyu ne. Batirinsa kan mutu daidai lokacin da aka fito da amarya, sannan kafin bidiyon ya iso hannun masu shi, rabin masu zuwa cajin waya sun riga sun kalla.

Samari da 'yan mata kuwa Sakkwato suke hange. A ɗauko mai manyan fitilu, ya biyo ta Kware da Gwadabawa da yaransa da akwatunansa, ya sauka kowa ya san gidan nan an yi abin kai. Aikinsa tsaf, babu musu. Sai dai bai san kowa ba, idonsa kawai yake bi, sai ya ɓata rabin lokacinsa a kan kyawawan baƙin da ko katin gayyata ba su gani ba, bikin farar kaza balbela ba gayya, ya bar kakar amarya a gefen tabarma ko waiwayarta bai yi ba. Dangin ƙetare kuma su ce ai nasu na Konni ya fi iya haɗa hoto da kiɗa. In aka bi tasu, ciniki da sefa za a yi, kuma in bidiyo ya fito sai ka ga A'ishatu da Usmanu sun koma Aïchatou da Ousmane da baƙaƙen Faransanci suna juyi cikin furanni, uban amarya yana ta matso da fuska yana neman sunan 'yarsa.

Duk wannan gardamar da muke yi, ba ta sa mu je da wuri. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kam ranar muke fafe namu. Sai an gama lefe, an sayi gado da kujeru, an yanki anko, an ajiye buhun shinkafa da jarkar mai, aljihu ya yi fayau, sannan wan ango zai tuna. Ya shiga shago saura kwana uku, ya zauna a kan benci, ya ce, "Ɗan'uwa, so nike a yi muna shi awa fim ɗin Ali Nuhu." Mai shago ya faɗi kuɗi. Wan ango ya riƙe baki, ya yi salati, ya tuna masa cewa kakanninsu tare sunka yi fataucin shanu, ya rantse bikin ƙanwarsa na nan tafe bayan salla kuma shi za a ba. A ƙarshe a ajiye ɗan kafin alƙalami, sauran sai an gama. Mun san araha ba ta ado, amma kowa yana fatan a kansa karin maganar za ta karye.

Inda ake kai ruwa rana shi ne salon ɗauka. Tun da aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, kaset ɗin fina-finan Hausa ya fara shiga gidajen Hausawa, ba a jima ba masu biki suka ce su ma a ɗauke su. Iyayenmu sun saba da wancan tsohon salon, kuma har gobe shi suke so. A buɗe da hoton Ka'aba, a bi da furanni, da ruwa yana kwararowa daga kan dutse irin wanda ba a taɓa gani ba tsakanin nan da Tawa, sannan kyamara ta shiga cikin taro ta bi mata sahu sahu, fuska bayan fuska, ba gaggawa. Ta leƙa tukunya, ta leƙa jeren kwalla da samira, ta tsaya a kan jariri yana barci a baya. Awa huɗu ba a yanke komai ba, har da inda mai ɗauka ya manta ya kashe ya ajiye ta tana kallon takalman mutane. Da kaset aka fara, aka koma faifai, yanzu memori ne ko filas, amma abin da tsofaffi ke nema bai sauya ba, su ga kowa.

Yaran yanzu minti uku suke so. Amarya ta juyo a hankali, mayafi na tashi, ango ya gyara mata sarƙa, waƙar Ali Jita ko ta Nura M. Inuwa na bi a ƙasa, ko wadda aka biya wani mawaƙin situdiyo ya jera sunayen dangi a ciki. A haɗa da hotunan kafin aure da aka je aka ɗauka a bakin tafkin Kalmalo in damina ta yi kyau, a sa a WhatsApp da TikTok tun kafin a kwashe kujeru. In kiɗa ya sauya rawa ma sauyawa take, ban ƙi ba, a yi musu nasu gajeren. Amma ni ina bayan dogon, kuma in kuɗi ɗaya ne ba zai isa biyu ba, a yi dogon. Minti uku mutum biyu kawai yake ɗauka, aure kuwa a wurinmu gidaje ne suke haɗuwa. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne wankin fuskar da ake yi wa amarya a kwamfuta. Yarinya baƙa kyakkyawa, mun san ta tun tana tallan goro, a mayar da ita fara sol har kakarta ta tambaya ɗiyar wa ce wagga. Mu ne muke cewa a ƙara mata haske, mu ne kuma muke cewa mai bidiyo ya ɓata ta.

Sai kuma kunya, wadda muke da ita da gaske, muke kuma wasa da ita da gaske. Mace ta kwana biyu tana lalle da kitso, ta ɗaura ɗankwali ta kwance ta sake ɗaurawa, da fitilar kyamara ta doso ta sai ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ta bar hannun da ke da zobe da awarwaro a waje. Dattijo a wurin ɗaurin aure ya ce shi ba ruwansa da hoto, yana faɗa yana gyara hula yana daidaita babbar riga a kafaɗa. Maigida ya aika a gaya wa mai bidiyo kada ya kuskura ya ɗauki iyalinsa, ranar kallo kuma shi ne a gaba da kofin shayi. A nan akwai abin da ya wuce raha. Rawar da mata suka yi a tsakar gida tsakaninsu, sun saki jiki don sun san ba namiji, in ta fita ta shiga wayoyin kasuwa takan haddasa faɗan da ba ya ƙarewa da wuri. Ya kamata tun a wurin ciniki a yanke magana cewa na cikin gida na cikin gida ne. Kuma muna ta ƙorafin namiji na shiga cikin mata da kyamara, amma in yarinya ta ce za ta koyi sana'ar, mu ne farkon masu cewa ba aikin mace ba ne. Da muna da mata uku ko huɗu masu riƙe kyamara a garin nan, da ba su huta ba daga ƙaramar salla zuwa babba.

Wurin liƙi kuwa mai bidiyo shi ne alƙali, shi ne shaida. Mutum ya canza dubu biyar zuwa 'yan ɗari ɗari tun jiya, ya tsaya a gefe yana jira, ba zai shiga fili ba sai ya ga fitila ta juyo. In ya gama aka ce ba a ɗauka ba, ransa ya ɓaci fiye da wanda aka yi wa sane. Ga mata abin ya fi nan nisa, domin biki bashi ne, abin da kika kawo yau shi za a duba ranar naki, kuma bidiyo ya zama littafin da ba a gardama da shi. Na ga Gwaggo ta sa an mayar da wuri ɗaya baya har ta gamsu, tana nuna allo da tsinken sakace, tana cewa, "Tsaya nan, wanga yaro. Kun gani? Jaka guda ta sefa nil liƙa, ba naira ba. Ku hwaɗa ma uwar ɗiya ta sani." Tana da gaskiya, tun da naira ta faɗi a 2023 jakar sefa ta haura naira dubu biyu, kyamara kuwa ba ta san canji ba, takarda kawai take gani. A farkon shekarar 2023, lokacin da aka sauya takardun ɗari biyu da ɗari biyar da dubu kuɗi suka ɓace daga hannu, bidiyon bikin da aka yi duk sun fito a bushe, ana rawa ba abin da ke zuba. Dokar Babban Banki ta 2007 ta hana liƙi da tattaka naira, mun daɗe muna ji kamar ba da mu ake ba, sai da hukumar EFCC ta matsa da kai mutane kotu a 2024. Yanzu sai ka ji mutum yana raɗa wa mai bidiyo ya ɗauki fuskarsa da hannunsa a faranti, amma kada ya nuna ƙasa.

Ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama ma mun sa shi a lissafi, ko da yake doka ta ce sai da izini, kuma garin da ke da kwastan da soja a wannan gefe, jandarma a wancan, ba wurin tashinsa ba ne barkatai. In ya tashi yara su bar biki su bi shi da gudu, abin da zai kawo kuma rufin kwano ne da awaki da tsakar gidan maƙwabci, wanda zai zo da safe ya yi sallama da fuska a ɗaure.

Amfanin dogon bidiyo mun gan shi lokacin da aka rufe iyaka. An rufe a Agustan 2019 har Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har Maris na 2024. Masu ƙarfi sun bi ta daji a kan babur, amma tsofaffi da masu goyo da yawa ba su iya zuwa auren jikokinsu da ƙannensu ba, ga gari ana hangen gari. Zumunta a ƙafa take, da ƙafa ta kasa sai memori ya tafi a aljihun ɗan kabu-kabu, ko aka yanka bidiyon gunduwa gunduwa aka tura ta waya. Tun daga lokacin muka koyi wata sabuwar ɗabi'a, mace ta tare kyamara ta yi gaisuwa kai tsaye, ta kira Inna ta Konni da Yaya ta Madawa da Baffa na Dogon Dutsi, ta ce ga amarya nan an kai lafiya, a yi mata addu'a. Wannan ba ya shiga minti uku, kuma yaron da bai san mu ba zai yanke shi ya zubar yana ganin surutu ne.

To an gama biki, baƙi sun koma, an mayar da tabarmin aro. Saura cikon kuɗin mai bidiyo, shi kuma ya san halinmu, ya kulle aikin a kwamfutarsa ya ce sai an cika. Wan ango ya sauya hanyar zuwa kasuwa don kada ya bi ta ƙofar shagon. Amarya ta aika ƙanenta, a ce ana kan haɗawa. Gwaggo ta yi waya daga Konni, a ce wuta ce ba a kawo ba. Wata ya bi wata, har ranar da aka wayi gari amarya ta sauka lafiya, suna saura kwana shida, kuma ba a yin suna babu mai ɗauka. Sai ga wan ango a kan bencin nan da tsohon bashi a hannun dama, yana cewa a ba shi na armen, sannan a zauna a yi maganar na sunan, amma fa a duba zumunci a rage mishi wani abu.