Wutar Zamani a Motar Kawu

A Potiskum ba a rasa masanin mota. Gari ne na direbobi da masu manyan motoci. Duk ranar Laraba tireloli na layi a kasuwar shanu suna lodi zuwa Kudu, kuma yaron da bai gama firamare ba yana iya jin kukan inji daga nesa ya ce maka wannan DAF ce, waccan Howo. A gari irin wannan, mai hankali idan motarsa ta yi ciwo sai ya kai wa masu sana'ar. Ni kuwa malamin tarihi ne. Na daɗe ina koya wa yara yadda fadar Fika ta taso ta dawo Potiskum a 1924, saboda haka ban ga abin da zai gagare ni a ƙarƙashin bonet ba.

Motar Land Rover ce, Series IIA, ƙirar 1965, gadon kawuna, wanda shi ma a gwanjon gwamnati ya same ta. Sitiyarinta a dama yake, domin an ƙera ta tun Najeriya na tuƙi a hannun hagu, kafin a sauya ranar 2 ga Afrilu 1972. Don haka duk wanda na rage wa hanya shi ke leƙa min titi idan zan wuce tirela, yana leƙe yana salati. Injin fetur ne mai silinda huɗu, lita biyu da kwata, ba ya gudu kuma ba ya mutuwa. Jikinta alminiyam, tsatsa ba ta san hanyarsa ba. Ciwonta guda ɗaya ne, wuta.

Abin da ke cajin batirinta dainamo ne ƙirar Lucas, wani dogon ƙarfe mai nauyi wanda ko a ranar da ya tashi da ƙarfinsa amfiya 22 yake bayarwa. Halin dainamo shi ne sai inji ya ɗauki gudu sannan yake yin wutar kirki. Idan mota na silo, wutar da yake yi ba ta kai ta batir ba, sai katawut ɗin da ke cikin akwatin kwantirol ya raba su, don kada batir ya juyo ya zuba tasa wutar a cikin dainamon. A hanyar Damaturu ko ta Azare wannan ba matsala ba ne. Amma cikin gari, tsakanin Keke Napep da masu kura da garken da aka koro daga kasuwa, silo shi ne gudun kowa. In dare ya yi ka kunna fitilu, to batir kake ci, ba mai mayar maka. Da safe sai handul, in handul ya ƙi sai turi. Almajiran layinmu har sun san ƙarar makullina. Idan na je ɗaurin aure nakan zaga neman gangara in ajiye motar, alhali kowa ya san Potiskum ba garin gangara ba ne.

Akwai wani dattijo mai riwaya a bakin hanyar Gashuwa, wanda ya koyi aiki tun zamanin Bedford. Na kai masa kuka. Ko bonet bai buɗe ba ya ce, "Malam, bar min ita zuwa gobe in duba buroshi da fanbel." Na yi murmushin wanda ya yi karatu, na ce, "Baba, ai duniya ta wuce buroshi." Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya ci gaba da tauna goronsa.

Gaskiya kuma duniya ta wuce, wannan ban janye ba. Tun 1960 kamfanin Chrysler a Amurka ya fara sa altaneta a motarsa Valiant, ita kanta Land Rover ta koma altaneta da fitowar Series III a 1971. Altaneta wuta mai kai-komo yake yi, sai wasu ƙananan dayod da ke cikinsa su daidaita ta ta bi hanya ɗaya, regileta kuma ya tsare ta kusa da bolt 14. Yana jure juyi da sauri fiye da dainamo, shi ya sa ake sa masa ƙaramin fuli, ko mota na silo yana caji. Duk wannan na haddace shi daga bidiyoyin da nake kallo a waya bayan isha'i, har na fara gyara wa masu bidiyon magana.

Wani tsohon ɗalibina direba ya sayo min altaneta ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa ta Kano, na tsohuwar Golf, amfiya 65. Lafiyayye ne, an gwada shi a gabansa. Dainamo dogo ne, altaneta gajere, don haka mazaunin bai yi daidai ba. Mai walda ya yanka ya ƙara, muka ja zare muka daidaita fuli da fuli, aka sami fanbel da ya shiga. Aikin ƙarfe ya yi kyau, da yake ba ni na yi shi ba.

Aikin waya ne nawa. Ranar Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, na jera sifana, na haɗa wayar kauri a inda bidiyo ya ce, siririya a inda bidiyo ya ce. Na yi bismilla na mayar da kan batir. Ban taɓa makulli ba. Wani tartsatsi ya tashi, waya ta yi ja, robarta ta narke tana ɗiga, hayaƙi mai warin ƙonannen talotalo ya turnuƙe bonet. Uwargida ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, shara kake ƙonawa, ko motar ce?"

Ga abin da ya faru. Motocin Ingila na wancan zamani, ciki har da Land Rover har zuwa 1967, kan batir na fozitif ake ɗaure wa jikin mota, negatif ne ke bin wayoyi. Motocin yau akasin haka ne, kuma altaneta da jikinsa negatif aka haife shi. Da na ɗaure shi a jikin da yake fozitif, dayod ɗin da aikinsu tare wutar batir ne sai suka zama mata buɗaɗɗiyar ƙofa, batir ya juye duk abin da ke cikinsa ta kansu a ƙiftawar ido. Masu bidiyon ba su yi ƙarya ba, motocinsu ne ba su kai tawa tsufa ba. Ni kuwa na daɗe da lura cewa alamar tarawa ce ke manne da jikin motar. Na ɗauka sakacin kawu ne, Allah ya jiƙansa, har nakan ba da labarin a majalisa a matsayin misalin yadda mutanen da ke aiki da ka.

Na sake aikawa Kano. Ɗalibin nawa, da yake yaro ne mai ladabi, bai tambayi ina na farko ba, sai dai ya ce, "Malam, ko in sayo biyu?" Na ce ɗaya ya isa.

A wannan karon na yi karatun ta natsu. Na juya batir, negatif ya koma jiki. Sitata ba ruwansa, ko ta ina wuta ta zo masa gefe ɗaya yake juyawa. Kwayil kuwa sai an musanya wayoyinsa biyu, haka ma agogon amfiya da ke gaban direba, in ba haka ba zai riƙa nuna maka asara lokacin da kake riba. Akwatin kwantirol ya tashi daga aiki, aka haɗe wayoyinsa masu kauri wuri guda, siririyar da ke zuwa jar fitilar caji ta tafi kai tsaye ga altaneta. Na murza makulli. Mota ta tashi, jar fitila ta mutu, allura ta karkata ɓangaren alheri, kuma a silo. Na zauna ina kallon allurar nan har aka kira azahar.

Da na tsaya nan, da yanzu labarin nasara nake rubutawa. Amma nasarar da ba a gani ba ai ba ta cika ba. Da magariba na kai motar majalisarmu, na kunna manyan fitilu, na gayyaci jama'a. Wani Alhaji abokina har ya jona wayarsa a sabon soket ɗin caji da na sa. Sai wani ya ce, ta yaya za a san altanetan ne ke aiki ba batir ba? Na ce wannan mai sauƙi ne. Tun ina yaro na ga kawu yana yi: a cire kan batir mota na aiki, in ba ta mutu ba to caji lafiya. Na sa yaro ya taka totur, na zare kan batir ina kallon jama'a.

Motar ba ta mutu ba. Fitilu suka yi wani haske da ba su taɓa yi ba tun 1965, har aka fara kabbara, sannan suka yi fat, duka biyu. Wayar Alhaji ta yi ɗumi ta yi shiru.

Dainamo yakan yafe irin wannan gwaji, domin babu komai cikinsa sai tagulla da ƙarfe da gawayi. Altaneta kuwa batir ne ke shanye masa hauhawar wuta. Ka cire batir yana tsakiyar aiki, bolt ɗin ya yi tsalle sama kafin regileta ya farga, duk abin da ke kan layi ya sha. Altaneta na farko ilimin zamani ya kashe shi a jikin tsohuwar mota, na biyu ilimin kawu ya kashe shi. Alhaji bai ce komai ba, sai washegari ya aiko ɗansa da kwalin wayar, wai ko zan so in ga lambar samfurin.

Na uku Baba ne ya ɗaura. Na kai masa motar da turi, na tsaya daga gefe hannuwa a baya. Bai yi min gori ba, abin da ya fi gori ciwo. Ya ja sabuwar waya mai kauri daga altaneta zuwa batir, ya ce tsohuwar don amfiya 22 aka yi ta, ba za ta ɗauki 65 ba. Ya cire agogon amfiya daga layin saboda wannan dalili, ya sa min na bolt. Ya ce, "Malam, in ka ga 14 ko kusa da haka, ka gode wa Allah ka tafi. Kada ka taɓa komai." Na ce in sha Allahu.

Kuma ban taɓa komai ba, in ban da ƙwan fitilar caji. Wani tsohon ƙwai ne ja, dusu-dusu, bai dace da motar da ta shiga zamani ba. Na sayi ƙaramin LED shuɗi irin wanda 'yan Keke Napep ke ado da shi, na sa. Ya yi kyau ƙwarai.

Daga ranar, idan na tayar da mota allura sai ta tsaya a 12 ta ƙi motsi. Da na ga haka sai na gano dabara: in na taka totur har ƙasa, inji ya yi kururuwa, can sai allura ta zabura ta hau 14. Na mayar da wannan al'ada, kullum bayan asuba. Jariran layi suka koma tashi da ni. Wani maƙwabci da ya dawo daga Legas cikin dare ya fito da zani a kafaɗa ya tsaya yana kallona kawai. Daga bisani mai unguwa ya aiko a gaishe ni, a kuma tambaya ko motar tana da wani uzuri.

Na mayar wa Baba da motar. Ya zauna a kujerar direba ya murza makulli, shuɗin haske ya bugi fuskarsa. Ya daɗe yana dubansa. Ya ce, "Malam, wa ya sa wannan?" Na ce yara ne. Ya ce, "Yaran sun iya zaɓen kala."

Ashe wannan ƙwan da na raina ba don ado yake wurin ba. Irin wannan altaneta ba ya fara caji sai an ɗan ɗanɗana masa wuta ta tayar da maganaɗisun cikinsa, kuma ta cikin ƙwan fitilar caji wutar ke bi ta isa gare shi. Tsohon ƙwan wat biyu ne da ɗoriya, yana barin abin da ya isa ya wuce. LED kuwa ɗan abin da yake sha bai kai ya tayar da komai ba, sai inji ya yi gudun da ragowar maganaɗisu zai tayar da kansa. Baba ya laluba wani gwangwanin madara ya ɗauko ƙwai ja, ya goge shi a rigarsa ya sa. Allura ta hau 14 a silo. Kuɗin ƙwan bai ce a ba shi ba. Abin da ya roƙa shi ne tsohon dainamon da ke yashe a bayan motar, na ce ya ɗauka, har ina jin na yi sadaka.

Yanzu motar na tashi bugu ɗaya, fitilunta na haska hanya har Damagum, kuma duk mai tsohuwar mota da ya tambaye ni zan ce ya sa altaneta, amma ya fara duba wane kan batir ne ke jikin motarsa, sannan ya ba ni waje in yi nisa.

Da damina na bi ta wajen Mamudo, na ga yaron Baba a gindin wata tsohuwar tarakta yana ɗaure fanbel. Na tsaya mu gaisa, sai idona ya faɗa kan wani dogon ƙarfe da na sani. Na ce, "Kai, wannan ba dainamona ba ne?" Ya ce, "Shi ne, Malam. Buroshi biyu Baba ya sauya masa, ya goge amecha da sanfefa. Tun daga nan bai yi tari ba." Na ce wa mai taraktar ko zai sayar min, in ajiye don tarihi. Ya ce ba ya sayarwa, sai dai musaya da altaneta. Na ce ina da guda biyu a gida. Ya ce ya ji labarinsu.