Zuwa ga Malam Baƙin Allo na Kubwa

Bazazzagina, bawan gidanmu, labari ya iso mana Kano cewa ka yi wa linzamin kwamfuta saki uku. Yanzu ba ka da aboki sai baƙin allo da koren rubutu. Kana zaune a Kubwa kana dukan madannai kamar mai shirin harba roka, alhali abin da maigidan haya ya roƙe ka bai wuce famfon tanki ya tashi in an kawo wuta, ya tsaya in ruwa ya cika ba.

Allon da ka sayo a Banex, Arduino Uno ne fa, ba wani abin tsoro ba. Guntun da ke kansa, ATmega328P, kilobayit 32 ne ɗakin ajiyarsa, wurin tunaninsa kuwa kilobayit 2. Ko hoton angwancinka ba zai shiga ba, kuma an yi wa guntun gata. Mutanen Ivrea ta Italiya sun fito da Arduino a 2005 domin ɗalibin da bai karanci injiniyanci ba ya danna maɓalli ɗaya aiki ya tafi. Kai kuwa ɗan Samaru ka ce wannan na ragwaye ne. Sai ka rubuta Makefile da hannunka, ka kira avr-gcc ya juya rubutunka zuwa harshen inji, ka kira avrdude ya ɗura shi ta /dev/ttyUSB0, kana waige ko akwai mai kallo.

To matso in raɗa maka. Maɓallin nan da nake dannawa, avr-gcc da avrdude ɗin nan naka yake kira a bayan labule. Ma'aikatanmu ɗaya. Ni dai ina da ɗan aike ne, kai kuma ka saba kai kanka, halin bayi.

Shi kansa make ɗin da kake tinƙaho da shi tsoho ne tukuf. Stuart Feldman ya rubuta shi a Bell Labs a 1976, shekarar da gwamnatin Murtala ta yi dokar kafa Abujar da kake haya a gefenta. Har gobe dattijo make bai yarda a fara masa layin umarni da tazara ba, sai tab. Iyalinka ta ce ran nan har asuba kana faɗa da "missing separator", tuwo ya huce, shayi ya huce. Ban yi mamaki ba. Mutumin da zai dubi mace ya ce "yarinya ne", wa ya aike shi inda harafi ɗaya ke rushe gini?

Sai kuma ranar da ka taɓa fiyus ɗin guntun, ya koma jiran bugun agogon waje wanda babu shi a allon. Avrdude ya yi ta sallama, shiru. Ka ce wai ba mutuwa ya yi ba, doguwar suma ce. Allah ya tashi kafaɗunsa.

Amma kada ka kumbura, akwai inda na sara maka. In aka jibge allo ɗari biyu a gabanmu, ni yatsana zai ƙage da dannawa, kai kuwa layi uku za ka rubuta, sauran aikin sai cire waya da sokawa. In guntun ESP32 ne ka jawo esptool. Kuma tsohuwar kwamfutarka mai tarin fuka, wadda buɗe babbar manhaja ke sa ta haki, a baƙin allo gudu take yi. Gudun ma gado ne: kakanninka da jihadi ya koro daga Zariya ba su tsaya ba sai ƙasar Gwari, inda Abu Ja ya kafa garinsa a 1828.

Saboda haka ga magana. Ka haɗa na'urar famfon guda hamsin, ni in sama mata kwali mai ƙyalli da rumfa a Sabon Gari. Riba kashi goma: tara na ubangida, ɗaya na bawa. In ka yi gardama in zabge kuɗin kwali daga naka.